Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban NFF: wanda ya ga ɓarna a ƙwallonmu, gun wa zai kai ƙara?

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka, da 'yan kwamitin zartarwa na Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya (NFF), da masu riƙe da gasar Firimiya da ƙananan rukunoni, ina roƙon Allah ya taya ku riƙo.

Ni kocin yara ne a wata ƙungiyar unguwa a Kano, irin waɗanda ke atisaye a filin firamare bayan la'asar, da rigunan da aka saya da kuɗin karo-karo. Na rubuto da yawun 'yan'uwana kociyoyin unguwa, da wasu alƙalan wasa masu busa a gasannin jiha, da iyayen da suka damƙa mana amanar 'ya'yansu. Tambaya ce ta kawo mu. Idan ɗan wasa, ko alƙali, ko uwar yarinya suka ga ɓarna a harkar ƙwallo, gun wa za su kai ƙara, kuma wa zai tsaya musu bayan sun kai?

Mun san akwai kwamitin ɗa'a da na ladabtarwa a Abuja. Mun san FIFA tana da shafin karɓar rahoto a intanet. Amma duk cikin abokan aikina ban sami wanda ke da lambar wayar da zai miƙa wa yaro ya ce masa "kira nan" ba. Shafin FIFA babu Hausa a cikinsa, yana buƙatar mai karatu da rubutu da data, alhali yawancin yaranmu saƙon murya suka fi sabawa da shi. Ga su kuma a ƙarƙashin dokar FIFA da ta ce duk wanda aka tuntuɓa da maganar sayar da wasa dole ya kai rahoto, shirun ma laifi ne. An ɗora musu wajibi, ba a nuna musu ƙofa ba.

Kokenmu na farko shi ne cewa duk manyan asiran da suka tonu a ƙwallon ƙasar nan, daga waje aka tona su. A 2010 jaridar Sunday Times ta Ingila ce ta naɗi Amos Adamu, ɗan Najeriya a kwamitin zartarwa na FIFA a lokacin, a ɓoye kan batun ƙuri'ar zaɓen mai masaukin gasar cin kofin duniya, FIFA ta dakatar da shi shekara 3. A 2018 kyamarar ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas ce ta nuno Salisu Yusuf, kocin Super Eagles ta 'yan gida, yana karɓar kuɗi daga mutanen da suka yi shigar dillalan 'yan wasa. Ya ce kyauta ce, ba ta taɓa zaɓensa na 'yan wasa ba, amma kwamitin ɗa'a na hukumarku ya dakatar da shi shekara 1 da tarar dala 5,000. A 2019 binciken FIFA kan harkokin Wilson Raj Perumal, ɗan Singafo da ya shahara wajen shirya sakamakon wasanni, shi ya kai ga haramta wa Samson Siasia, tsohon kocin Super Eagles, harkar ƙwallo har abada. Kotun wasanni ta duniya ta mayar da hukuncin shekara 5 a 2021, ta soke tarar, ganin cewa bai ci ribar komai ba. Maganar da ta kayar da shi, wato tayin aikin koci mai haɗe da shirya sakamakon wasanni, tun 2010 aka yi ta. Mutumin da ya kawo mana azurfa a Olamfik ta 2008 da tagulla a ta 2016 ya yi shekara 5 a zaune, kan tayin da da ya kai rahotonsa tun farko, da wataƙila labarin ya sha bamban. Idan Siasia da duk gogewarsa bai kai ba, me ake tsammani daga yaro ɗan shekara 19 da ke bin kulob bashin albashi?

Wanda ya fi ci mana rai shi ne na Bauchi, a watan Yulin 2013, don a gidanmu ya faru. Ƙungiyoyi biyu sun yi kunnen doki a maki, suna neman haurawa rukuni na gaba, ya rage yawan ƙwallaye ne zai raba su. Aka tafi hutun rabin lokaci Plateau United Feeders na cin Akurba 7-0, Police Machine na cin Babayaro 6-0. Da aka tashi, sakamakon ya zama 79-0 da 67-0. Ƙwallo 72 a cikin minti 45, ranka ya daɗe. Ko ɗauko ƙwallo daga raga a mayar da ita tsakiya yana cin lokaci, sai in masu tsaron baya ne da kansu ke taya gudu. Duniya ta yi mana dariya, hukumarku ta haramta wa 'yan wasa da jami'ai ƙwallo har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara 10. Hukuncin ya dace. Sai dai mu da ke zama da irin waɗannan yara mun san yadda abin ke tafiya a ɗakin sauya kaya. Babba ne ke shigowa ya ba da umarni, yaro kuma ya san wanda ke ba shi kuɗin mota. A wannan hutun rabin lokaci akwai mutum fiye da 40 a cikin filayen biyu, ban da 'yan benci da alƙalai. Ba zai yiwu a ce dukansu zuciyarsu ta kwanta da abin ba. Da akwai wanda za su kira, da alkawarin cewa wanda ya fara magana ba za a haɗa shi da sauran a yanka ba, da wani ya kira. An kama wannan ne don haɗama ta yi yawa har ta zama abin dariya. Wanda aka shirya ya tashi 1-0 da fenariti a minti na 88, babu mai kama shi sai wanda yake ciki.

Koke na biyu, kuma shi ne tushen shirun: a tsarin da muke ciki, takardar ƙorafi takan ƙare a teburin wanda ake ƙorafi a kansa, ko na amininsa. An ba kura ajiyar nama. Wani abokina alƙalin wasa, mutumin da na sani da tsoron Allah, an taɓa bin sa masauki da ambulan a daren da za a wayi gari a buga wani wasa na gasar jiha. Ya ƙi karɓa, ya busa wasansa yadda ya gani, ya kuma rubuta abin da ya faru a rahotonsa. Rahoton ya bi ta hannun mutanen da ke cin abinci a faranti ɗaya da masu ƙungiyar. Babu wanda ya kira shi ya ji ta bakinsa. Abin da ya biyo baya kawai shi ne sunansa ya daina fitowa a jerin masu busa, aka riƙa cewa ai wane ba ya jin magana. Ba a kore shi ba, don haka ba shi da takardar da zai ɗaukaka ƙara da ita. Matasan alƙalai da ke tasowa a bayansa sun ga abin da ya same shi, sun kuma ɗauki darasin da aka so su ɗauka. Sannan mu zo muna mamakin yadda aka buga gasar cin kofin Afirka a Kwaddibuwa a farkon 2024 babu alƙali ɗan Najeriya ko ɗaya a jerin waɗanda hukumar ƙwallon Afirka CAF ta zaɓa.

Abin bai tsaya a ƙananan gasanni ba. Super Falcons, tawagar matan Najeriya, sun ci kofin Afirka a Kamaru a 2016, suka ƙi barin otal a Abuja sai an biya su haƙƙinsu. Sun sake yin zaman dirshan a Faransa a 2019. A shekarar ce kyaftin ɗinsu Desire Oparanozie, wadda ta fito fili ta yi maganar biyan mata daidai da maza, ta rasa kambunta. Ko mene ne dalilin da aka bayar a hukumance, 'yan wasa daga Legas har Maiduguri fassara ɗaya suka yi masa. Mutum ba ya zaman dirshan a otal idan yana da ofishin da zai saurare shi.

Tsoron kuma ba na banza ba ne. Ahmed Hussein-Suale, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin binciken da ya kayar da shugaban hukumar ƙwallon Ghana Kwesi Nyantakyi a 2018, harbe shi aka yi a unguwar Madina da ke Akra ranar 16 ga Janairun 2019, bayan an riga an nuna hotonsa a talabijin. Labarin ya zagaya ko'ina a Afirka ta Yamma, kuma duk mai niyyar buɗe baki ya ji shi.

Na uku shi ne cogen shekaru, wanda ya zama ruwan dare har an daina jin kunyarsa. Ana cewa wane shekarunsa na ƙwallo kaza ne, na gaskiya kuma kaza, ana dariya. Ƙasar nan ta sha ɗanɗana kuɗarta. A 1989 FIFA ta dakatar da mu shekara 2 daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma ƙwace mana baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. A 2009, lokacin da muka karɓi baƙuncin gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17, har aka buga wasanni a Kano da Kaduna da Bauchi, FIFA ta shigo da gwajin MRI, wanda ke duba ƙashin wuyan hannu a ga ko ya gama haɗewa. A 2016, muna riƙe da kofin duniya na wannan rukuni karo na 5, 'yan wasa 26 suka faɗi gwajin ana dab da karawa da Nijar, Nijar kuma ta fitar da mu. Kamaru ma ta ga irin haka, da 21 cikin 30 suka faɗi.

Amma na'ura a ƙofar ƙarshe take tsaye. Tun kafin a kai can, an riga an kori yaron gaskiya a zagayen farko na tantancewa. Na taɓa kai wani yarona ɗan shekara 15, wanda na san ranar sunansa, wurin tantance 'yan ƙasa da 17. Aka haɗa shi da mutanen da suka kwana suna aske gemu, ɗaya ma na san shi da iyali. Da na yi wa wani jami'i magana a gefe, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Koci, kai ma ka rage wa naka mana, ka kawo shi a na 'yan 13." Yaron ya koma gida. Yau yana tuƙa a-daidaita-sahu, Allah ya sa masa albarka, amma ƙafar hagunsa ta fi ta da yawa daga waɗanda ake nunawa a talabijin. Kowane kocin unguwa ya san ainihin shekarun yaran yankinsa fiye da kowace na'ura. Muna da labarin a hannu, babu inda za mu ajiye shi ba tare da an rufe wa sauran yaranmu ƙofa ba.

Na huɗu yana da nauyi a baki, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ana cin zarafin yara mata da maza a wasanni, kuma mai ikon sa yaro a tawaga ko cire shi yana riƙe da makamin da ya fi kuɗi ƙarfi. A Mali, a 2021, ƙungiyar Human Rights Watch ta fito da koken 'yan matan tawagar ƙwallon kwando ta ƙasar kan kocinsu Amadou Bamba. An kama shi, binciken da hukumar ƙwallon kwando ta duniya FIBA ta sa lauya Richard McLaren ya yi ya tabbatar da cewa an daɗe ana rufa-rufa. Yarinyar da ta fara kai ƙara kuwa, cire ta aka yi daga tawagar da ta tafi gasar duniya a shekarar. A Gabon, jaridar Guardian ce ta tona asirin kocin matasa Patrick Assoumou Eyi a Disambar 2021, FIFA ta haramta masa ƙwallo har abada a 2025. A duka biyun mutane da dama sun sani, shekara da shekaru. Ba na zargin kowa a nan gida da suna. Abin da nake cewa shi ne babu wani dalilin da zai sa mu ɗauka cewa mu an tsallake mu, kuma a al'adarmu yarinya ba za ta zauna gaban kwamitin maza ta faɗi irin wannan magana ba. Za ta gaya wa innarta, a cire ta daga ƙwallo, a rufe zancen don gudun abin kunya, mutumin kuma ya ci gaba da wata. Duk uban da ya hana 'yarsa wasa a Arewa, kafin a kira shi mai tsattsauran ra'ayi, a fara tambaya wace kariya aka nuna masa.

Akwai kuma dillalan bogi masu karɓar kuɗin gona da na shanu a hannun iyaye da sunan gwaji a Turai ko ƙasashen Larabawa, su yasar da yaro a wata ƙasa babu fasfo a hannunsa. Ga cacar ƙwallo da ta shiga kowace waya, har ana zuba kuɗi a kan wasannin da 'yan wasansu ke bin bashin watanni. Mai son sayen wasa ya san wanda zai nema, mai tsaron ragar da mai gidan haya ya ba shi wa'adi.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A kafa ofishin karɓar ƙorafi da bincike wanda ba ya ƙarƙashin kwamitin zartarwa, ba ya kuma ƙarƙashin shugabannin hukumomin jihohi. Wannan shi ne babban roƙon, sauran duk a kansa suka rataya. A ba shi shugaba daga wajen harkar, kamar tsohon alƙalin babbar kotu, da wakilin 'yan wasa da su suka zaɓe shi, da mata a ciki. A yanke masa wa'adin da ba za a iya tsige shi don ya taɓa babba ba, a ware kuɗinsa tun farkon shekara daga tallafin da FIFA ke bayarwa, kada ya riƙa zuwa roƙon kuɗin mai wurin wanda yake bincika. Ba sabon abu ba ne. Hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta kafa irin wannan sashe mai cin gashin kansa a 2017, bayan badaƙalar da ta taɓa shugabanninta, kuma mun ga haƙoransa a Tokyo a 2021, lokacin da ya hana 'yan wasan Najeriya 10 shiga gasa don ba a yi musu gwaje-gwajen da doka ta tanada ba. Ya yi mana ciwo, amma ya nuna ba ya kallon fuska.

A buɗe layin waya na kyauta da lambar WhatsApp mai karɓar saƙon murya, da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka, da mace mai amsa kiran mata. A buga lambar a bayan lasisin kowane ɗan wasa da alƙali, a manna ta a ɗakunan sauya kaya, a riƙa faɗarta a shirye-shiryen wasanni na rediyo. Manhajar Red Button ta ƙungiyar 'yan wasa ta duniya FIFPRO, wadda FIFA ta amince da ita a 2020, tana ba ɗan wasa damar kai rahoto ba tare da an san shi ba. A kawo ta ga 'yan Firimiya da na rukunin ƙasa, a koya musu ita kafin a fara kaka.

A rubuta kariya a cikin dokokinku, baƙi da fari. Tsarin kwarmata bayanai da gwamnatin tarayya ta fito da shi a Disambar 2016 dukiyar gwamnati ya shafa, bai san da alƙalin wasa ba. Ku kuna da ikon yin naku. Ramuwar gayya kan mai rahoto ta zama laifi mai zaman kansa. Idan aka daina ba alƙali wasa, ko aka sallami ɗan wasa, a cikin shekara guda da kai ƙararsa, wanda ya ɗauki matakin shi zai kawo hujjar cewa ba ramuwa ba ce. Wanda kuma ya tsinci kansa a cikin maguɗi ya riga kowa fitowa ya faɗa, a sassauta masa.

A cire masaukin alƙalai da abincinsu da alawus ɗinsu daga hannun mai masaukin wasa a kowane rukuni, har gasannin jiha, rahotonsu kuma ya riƙa tafiya kai tsaye ba tare da ya kwana a teburin kowa ba. Abin da ya shafi fyaɗe ko safarar yara a miƙa shi ga 'yan sanda da hukumar yaƙi da safarar mutane NAPTIP, na kuɗi ga EFCC ko ICPC, kada a ce za a sasanta a cikin gida. Kowace makarantar horar da yara da ke neman rajista ta nuna wanda ke kula da kariyar yara a cikinta, kamar yadda shirin kare yara na FIFA Guardians na 2019 ya tanada. Mu kociyoyin unguwa a fara binciken da mu, mun yarda.

Na san abin da wasu za su ce, cewa za a buɗe ƙofar ƙazafi, duk wanda aka ajiye a benci ya ɓata wa kocinsa suna. Damuwa ce ta gaskiya, addininmu ma bai ɗauki ƙazafi da wasa ba. Amma ku dubi inda zargi ke zuwa a yau: Facebook, da majalisar mai shayi, da shirin rediyo na kiran waya, inda babu mai tambayar hujja, babu kuma mai wanke wanda aka zalunta. Ofishin da zai saurari ɓangare biyu a asirce, ya hukunta wanda aka tabbatar ya ƙirƙiri ƙarya da gangan, shi ne gatan kocin kirki ma.

Daga ƙarshe, a sa wa'adi. Wanda ya kai ƙara ya sami amsar cewa ta iso cikin kwana 7, ya san matsayinta cikin kwana 60. A ƙarshen kowace kaka a fitar da adadin ƙorafin da aka karɓa, da irinsu, da nawa aka kammala, ba tare da sunan kowa ba.

Muna roƙon a sa wannan batu a ajandar babban taron hukumar mai zuwa, a kuma sanar da jama'a abin da aka yanke. Idan kuka turo wakili Kano, za mu tara masa kociyoyin unguwanni da alƙalai da iyaye ya ji daga bakinsu, fassarar takardun zuwa Hausa kuma mun ɗauke muku ita kyauta.

Allah ya ƙara wa shugaba lafiya.

Wassalam,
Kocin wata ƙungiyar unguwa a Kano, a madadin abokan aikinsa da iyayen yara